Baƙin da suka zo suna tambayar yaranmu da ke ci-rani: su wane ne, kuma ƙanena da ke Libiya ɗan gudun hijira ne?

Tambayar ta fito daga wani Malam, shugaban makarantar firamare a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ya ce bayan an ɗauke amfanin gona wasu baƙi uku, maza biyu da mace, sun sauka a wurin dagaci suka ce daga jami'a suke, suna bincike kan masu barin gida. Sun nemi a haɗa su da gidajen da ke da yara a Libiya da Aljeriya da Saudiyya, da masu zuwa Legas ci-rani. Gari ya rabu biyu: wasu sun ce rajistar tallafi ce, kowa ya ba da suna, wasu sun ce sunayen jami'an shige da fice za a kai wa. Dagaci ya ce Malam ya bincika kafin baƙin su dawo. Malam ya ƙara da tasa damuwar: ƙanensa yana Sabha a kudancin Libiya, shin shi ma ɗan gudun hijira ne, kuma akwai dokar da ta kare shi?

Malam, a gaida dagaci, ya yi hangen nesa da ya ce a bincika tukuna. Idan da gaske daga jami'a suke, duka ɓangarorin biyu ba su canka ba. Ba su da shinkafa ko takin da za su raba, kuma ba aikinsu ba ne miƙa sunan kowa ga hukuma. Sai dai dole ku tabbatar, domin masu yawo ƙauyuka da takarda da biro ba iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, irin waɗanda suka zagaya ƙasar Haɗeja da Ringim bayan ambaliyar 2022 suna rubuta gidajen da suka rushe. Rajistarsu ce kan iya komawa tallafi. Akwai 'yan damfara masu sayar da fom da alkawarin aiki a waje. Sannan akwai masu bincike. Mai bincike na gaskiya yana riƙe da takarda daga jami'arsa mai ɗauke da sunan sashe da lambar wanda za a kira a tabbatar, ya biyo ta hannun hakimi, ba ya karɓar ko kwabo, ba ya yi wa kowa alkawari. Kuma ba shi da abin yi da lambar NIN ko BVN ta kowa. Wanda ya nemi waɗannan lambobi da sunan bincike, a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

Wannan fanni na nazarin ƙaura da gudun hijira da nake cikinsa ba na mutum iri ɗaya ba ne. Akwai lauyoyi masu bin diddigin yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, akwai masana ƙidayar jama'a, akwai masana labarin ƙasa da na tarihi, akwai kuma masu zuwa su tare a gari wata da watanni suna kallon yadda ake rayuwa. Kuma sun daɗe suna shigowa ƙasarmu. A ranin 1952 zuwa 1953 an ƙirga masu fita daga lardin Sakkwato, wani Bature mai suna Mansell Prothero ya yi nazarin alƙaluman, ya nuna yadda maza ke fita da yawan gaske bayan girbi, wasu har ƙasar da yanzu ake kira Gana. Polly Hill ta yi aiki a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin Ɗorayi gonaki ce da manya-manyan gidaje, ba unguwar cikin Kano ba. William Miles ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, garuruwa biyu maƙwabta da iyakar Turawa ta raba, don ya ga abin da layin ya canja da abin da ya kasa canjawa.

Wanda ya fi kusa da ku shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero. Ya bibiyi ƙauyen Dagaceri, a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, fiye da shekara goma, tun daga farin shekarun 1970 har wanda ya biyo baya a 1983 da 1984. A lokacin, manyan masana a Turai suna ta cewa duk inda ka ga manomi ya bar gida, to noma ne ya mutu, hamada ta kore shi. Mortimore ya nuna ba haka ba ne. Fitar rani wani ɓangare ne na noman kansa. Damina wata uku ce ko huɗu, rumbu ba ya kai wa shekara, sai gida ya rage bakin da ke ci, wanda ya fita ya dawo da kuɗin iri da na awo kafin shuka. Kai ka san wannan tun kana yaro, ba sai an gaya maka ba. Amma sai da wani ya zauna ya rubuta shi da hujja kafin masu tsara manufa su fara daina ɗaukar ci-rani a matsayin cutar da za a yi wa magani. Irin amfanin aikin ke nan: a hankali yake zuwa, kuma ba ya zuwa a buhu.

Namu ma suna ciki. Marigayi Mahdi Adamu, a aikinsa na 1978, ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma, daga fataken goro na Gwanja zuwa zangunan da suka kafa. Aderanti Adepoju ya shafe rayuwarsa yana nanata abin da har yanzu jaridun Turai ba sa son ji, wato mafi yawan 'yan Afirka masu barin ƙasarsu wata ƙasar Afirka suke nufa. Wasu kuma sun bi waɗanda suka yi gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, da alhazan ƙasa da suka yada zango a Sudan suka hayayyafa, har garin Mai Wurno ya kafu a bakin kogin Nilu.

Yanzu batun ƙanenka, wanda na san shi ya fi ci maka rai.

A dokar ƙasa da ƙasa, a'a, ba ɗan gudun hijira ba ne, sai fa in akwai abin da ba ka faɗa ba. Tushen dokar ita ce yarjejeniyar da aka ƙulla a Geneva a 1951, wadda aka yi ta don Turawan da yaƙin duniya na biyu ya tarwatsa, sai a 1967 aka cire mata ƙaidin lokaci da na wuri ta shafi kowa. Sharuɗɗanta biyu ne manya. Dole mutum ya kasance a wajen ƙasarsa, kuma yana da tsoro mai dalili cewa in ya koma za a gallaza masa saboda ɗaya daga abubuwa biyar: launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Wanda ya cika waɗannan, sashe na 33 ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Babu yunwa a cikin biyar ɗin nan. Babu fari, babu ambaliya, babu gonar gado da aka raba har kason mutum bai fi ƙofar gida ba.

Shugabannin Afirka sun ga rigar ta yi wa nahiyar kaɗan, sai a 1969 a Addis Ababa suka yi tasu, suka ƙara duk wanda mamaya ko mulkin mallaka ko tashin hankalin da ya dagula zaman lafiya ya tilasta wa tsallake iyaka. A ƙarƙashin wannan ne mutanen Gwoza da ke sansanin Minawao a Kamaru suke, haka mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka kora zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. To amma dubi wannan: iyali biyu daga gari ɗaya, daren da aka kai hari ɗaya ya yi arewa ya shiga Nijar, ɗaya ya yi gabas ya shigo Kano. Na farko yana ƙarƙashin kariyar UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. Na biyu bai tsallake iyaka ba, don haka nauyinsa na kan gwamnatin ƙasarsa, ita ɗin da ta kasa kare shi tun farko. Don cike wannan giɓi ne Francis Deng, ɗan Sudan, ya jagoranci tsara ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 kan waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, sannan Tarayyar Afirka ta yi yarjejeniyar Kampala a 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012. Ta Kampala ta haɗa har da wanda ambaliya ta tasa, da wanda aka tasa don gina madatsar ruwa. Ke nan mutumin Auyo da ya kwana a ajin firamare bayan ruwa ya ci gidansa yana da abin da zai riƙe a takarda, ko da bai taɓa jin sunan Kampala ba. Waɗannan duka masana ne suka yi ta rubutu da gardama shekara da shekaru kafin su zama doka.

Ƙanenka ya fita neman kuɗi, doka tana kallonsa a matsayin ma'aikaci baƙo. Hakan ba ya nufin an bar shi a tutar babu. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta haramta azabtarwa da bautarwa ga kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, sashenta na 12 kuma ya haramta korar baƙi jimla guda. Akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu, wadda ta ba har marar takarda wasu haƙƙoƙi na asali, ciki har da biyan ladan aikin da ya riga ya yi. Libiya da Aljeriya da Nijar da Najeriya duk suna cikinta. Manyan ƙasashen Turai da Saudiyya ba sa ciki. Ba zan yi maka zaƙin baki ba: Aljeriya tana cikinta, amma tana kwaso mutane a manyan motoci ta zube su a cikin hamada, su taka kusan kilomita 15 da ƙafa zuwa Assamaka, garin Nijar na bakin iyaka. Libiya kuma ba ta shiga ta 1951 ba, tana da dokarta ta 2010 da ta mai da shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba laifin ɗauri, ga shi tun 2011 ƙasar ba ta dawo hannun gwamnati ɗaya mai cikakken iko ba.

Akwai wani bambanci da ya kamata ku riƙe a gidanku, domin shi ne ke iya canja matsayinsa dare ɗaya. Yarjejeniyoyin Palermo na 2000 sun raba tsakanin fasa-ƙwaurin mutane da fataucin mutane. Wanda ya biya direba a Agadas ya hau bayan Hilux, ya riƙe sandan da ake kafawa tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, aka bi da shi ta Dirku har Gatrun da Sabha, an yi fasa-ƙwaurinsa da yardarsa. Amma in ya tafi da sharaɗin zai biya in an isa, aka kai shi gidan bashi aka kulle, aka riƙa dukansa ana kiran gida a waya don a ji kukansa a turo kuɗi, ko aka sayar da shi ga mai gona ya yi aiki ba lada, to labari ya sha bamban. Tilasta masa aiki ta mai da shi wanda aka yi fataucinsa, kuma doka tana kallonsa a matsayin wanda aka zalunta, ba mai laifi ba. Haka matar da wani ejan ya kai Saudiyya da sunan Umara, aka karɓe fasfonta aka sa ta aikatau tana biyan bashin da ba ya ƙarewa. A Najeriya hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da alhakin irin wannan, kuma tana da ofis a Kano.

Kada ka ɗauka masana sun gamsu da waɗannan rabe-rabe. Babbar gardamar fannin ke nan. Alexander Betts ya yi rubutu a 2013 kan mutanen da ba gallazawa ta kore su ba, amma zama a gida ba zai yiwu ba, doka kuma ba ta da gurbinsu. Wani mutumin tsibirin Kiribati, Ioane Teitiota, ya nemi mafaka a New Zealand saboda teku na cinye ƙasarsu. Kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a hukuncin da ya fito a farkon 2020, bai ba shi gaskiya ba, amma ya yarda cewa wata rana illar sauyin yanayi za ta iya hana a mayar da mutum gida. B. S. Chimni, lauya ɗan Indiya, ya zargi fannin gaba ɗaya da cewa yana juyawa ne duk inda bukatar ƙasashen Yamma ta juya. Ita kuwa Barbara Harrell-Bond, wadda ta kafa cibiyar nazarin 'yan gudun hijira a Oxford a 1982, masu agajin kansu ta sa a gaba: ta zauna da 'yan Uganda da suka gudu kudancin Sudan, ta fito a 1986 ta nuna yadda sansani da rabon abinci ke mai da mai sana'a ɗan jiran layi, ana yanke masa shawara ba a tambaye shi ba. Duk wanda ya taɓa leƙa sansanonin Maiduguri ya san me take nufi.

Ni ina tare da Chimni a wuri guda, kuma wurin ya shafi baƙinku. Bincike kuɗi yake ci, mai ba da kuɗi kuma shi ke zaɓar tambaya. Bayan ɗimbin mutanen da suka shiga Turai a 2015, Tarayyar Turai ta yi taro da shugabannin Afirka a Valletta, babban birnin Malta, ta buɗe asusu na musamman wanda daga baya ya kai kusan yuro biliyan 5, akasari don rage masu tahowa. A wannan shekarar ce Nijar ta yi doka mai lamba 2015-36, daga 2016 aka shiga kama direbobi a Agadas ana ƙwace motoci. Tun 1979 ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, amma a aikace mutumin Jigawa da ya wuce Agadas ya yi arewa sai ya koma abin zargi. Masu bincike da suka zauna a Agadas sun rubuta abin da ya biyo baya: tafiya ba ta tsaya ba, sai dai kuɗin mota ya tashi, direbobi suka bar hanyar da ke da rijiyoyi da sojoji suka koma ɓarauniyar hanya, inda in mota ta lalace ba mai gani. Sojojin da suka karɓi mulki a Yamai sun soke dokar a Nuwamban 2023, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS ɗin ma.

Daga wannan kuɗi ne tambayoyi da yawa suka fito masu manufa ɗaya: wa ke da niyyar zuwa Turai, me zai sa ya fasa? Ga garuruwan Kano da Jigawa tambayar ta kauce hanya. A abin da na gani, yaranmu Legas suke zuwa da Abuja da Fatakwal, su yi dako da acaɓa da ga-ruwa da gadi da yankan farce. Masu zuwa Libiya kuwa galibinsu aikin gona da gini da kiwo suke nema su tara abin aure ko na sayen babur su dawo. Mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, nan ƙetaren iyaka a jihar Damagaram, ba teku suka nufa ba, Aljeriya za su je neman abin kai wa baki. Hein de Haas, ɗan Holan, ya ƙara da wani abin da masu ba da tallafi ba sa son ji: ba matalaucin ƙarshe ne ke yin tafiya mai nisa ba, domin tafiya sai da guzuri. In ƙasa matalauciya ta fara samun ci gaba, fita waje ƙaruwa take yi kafin daga baya ta ragu. Ka duba garinku, wanda ya kai Sabha yawanci ɗan gidan da ke da san da za a sayar ne ko gonar da za a jinginar. Ɗan gidan da ba su da komai, iyakarsa Kano.

Wani abu kuma da nake tuna wa ɗalibaina duk lokacin da muka ɗaga murya kan Aljeriya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fice, mutum fiye da miliyan ɗaya suka kama hanya, mafi yawansu 'yan Gana, su ma Gana sun kori namu a 1969. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun yi ta lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, alhali sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama. Yawancin 'yan gudun hijirar duniya ma, kusan bakwai cikin goma, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke zaune, ba a Turai ba.

To, ku amsa musu ko kada ku amsa? Ni na ce ku amsa, in sun ci jarrabawar da na faɗa a sama, domin in ba ku faɗa ba wani zai faɗa a madadinku daga ofis a Abuja. Amma ku san inda irin wannan aiki ke karkacewa, don kai da za ka yi musu tafinta ka fi kowa ikon gyara shi.

Ga yadda abin kan kasance. An shimfiɗa tabarma a zauren dagaci, dattawa sun zauna, yara sun cika ƙofa. Baƙo ya ɗaga kwamfutar hannu ya ce, "Mutum nawa ne a gidanka?" Maigida ya yi shiru, domin ba a ƙirga 'ya'ya a bainar jama'a, sai ya faɗi abin da ya sauwaƙa. Ɗan fari da ake kunyar ambatonsa, shi ne kuma ke Libiya, ya tsallake shi. In kuma an riga an baza cewa tallafi ne, gidan mutum takwas sai ya zama na sha biyar. An tambaya, "Akwai wanda ya yi ƙaura daga gidan nan?" Ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa, domin a wurinsa yaron da ke Agege bai ƙaura ba, ɗakinsa na nan, matarsa na nan, da ruwan farko zai dawo. An tambayi nawa ake turowa, ya ce ba a turo komai, alhali mai POS na bakin kasuwa ya san ranar da kowane gida ke zuwa cirar kuɗi. Matar da mijinta ya shekara biyu ba labari, wadda ita ce ta fi kowa sanin ciwon tafiyar, tana cikin gida ba wanda ya tambaye ta, ita ce kuma ke tunanin ko ta kai maganar gaban alƙali. Sai a kwashe wannan a kai birni a buga shi da jadawali mai kyau. Lokacin zuwan ma kansa magana ne: ƙirga samarin ƙauye a watan Fabrairu kamar ƙirga kaji ne da hantsi bayan an buɗe akurki.

Saboda haka dagaci ya sa sharaɗi, kuma mai bincike na ƙwarai zai yi murna da shi. A tara jama'a a faɗa da Hausa ƙarara cewa babu tallafi a ciki, wanda ba ya so kada ya amsa, ba kuma abin da zai same shi. Su faɗi wanda ya ba su kuɗin aikin da inda rahoton zai je. A yi hira gida-gida a keɓe, ba a zaure ba, macen da ke cikinsu ta shiga wurin mata ita kaɗai. Kada a rubuta cikakken suna ko lambar wayar wanda ke waje ba takarda, kada a ɗauki hoto ko murya sai da izini. Wanda ya dawo daga gidan bashi, kada a matsa masa ya ba da labarin abin da aka yi masa. Wasu abubuwan ko matarsa bai gaya wa ba. In suna so su fahimci garin, su dawo da damina su ga waɗanda suka dawo noma, su kuma je kasuwar Maigatari ranar Alhamis su ga yadda iyaka take a wurin mai kora shanu daga Nijar. Na ƙarshe, wanda aka fi karyawa: su yi alkawarin dawo da sakamakon da Hausa, a karanta a gaban waɗanda suka ba da labarin, su ce an yi daidai ko ba a yi ba. Ka karɓi lambar malamin da ke kula da su a jami'a, ka kira shi tun kafin su dawo.

Game da ƙanenka, kada ka jira baƙin nan, ba su da ikon fito da kowa. In yana aiki ana biyansa kuma yana kira, ku sa ya turo muku sunan unguwar da yake, da lambar wani ɗan gari da ke kusa da shi, da hoton duk wata takardar shaida da yake da ita, ku adana. In yana son dawowa ba shi da hali, hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da masu ƙaura tana da shirin dawo da masu son komawa gida don raɗin kansu, tare da ofishin jakadancin Najeriya a Tarabulus wanda ke ba da takardar tafiya ta wucin gadi, kuma ba a biyan kuɗi. Wanda ya ce ku biya shi ya sa sunansa a jirgi, ɗan damfara ne. In kuwa aka kira ku ana neman kuɗin fansa, ku rubuta lambar da aka kira da ita da asusun da aka ce a tura, ku kai wa NAPTIP, domin sau da yawa asusun a nan gida yake, kuma ta nan ake kama ejan ɗin da ya tura shi.